Mani Mai Hangen Dutsin Marke

A ƙasar Tsaskiya, ta ɓangaren da ke fuskantar daji, akwai wata 'yar unguwa mai gidaje kamar arba'in da ake kira Dutsin Marke. Sunan dutsin da ke bayan gari ta ci, wani baƙin falale mai tudu wanda in mutum ya hau kansa yana ganin gonakin unguwar gaba ɗaya har bakin daji. Nan aka haifi Mani.

Bai san mahaifinsa sosai ba. Yana shekara bakwai tsohon ya rasu, wansa Maude ya ɗauke shi, ya ciyar da shi, ya sa shi makarantar allo, da ya isa aure kuma ya je har Wagini ya nemo masa Hansai. Mani bai taɓa zama ƙaƙƙarfan manomi ba. Siriri ne, kuma ƙirjinsa ba ya son aikin garma, in ya yi kunya goma sai ya tsaya yana haki. Abin da Allah Ya ba shi ido ne. Tun yana kiwon awaki, in akuya ta ɓace shi ake kira, ya hau falalen ya ce ga ta can gindin aduwa. Mutane su yi ta ƙanƙance ido ba su ga ko aduwar ba, a je kuma a same ta.

Da 'yan bindiga suka fara fitowa daga daji suna ɗaukar mutane a gona, suna kore shanun huɗa, dattawan unguwar suka zauna suka yanke shawara. Duk ranar aiki Mani zai hau dutsi daga fitowar rana har azahar da usur a wuyansa. In ya ga abin da bai yarda da shi ba, sai ya busa, kowa ya jefar da fartanya ya yo gida. Su kuma za su nome masa gonarsa, in kaka ta yi kowane gida ya kawo masa dami.

Damina huɗu ya yi a kan wannan aiki. Ya san bambancin ƙurar shanu da ƙurar babura. Ya san yadda tsuntsaye ke tashi in mutum ne ya firgita su. Sau shida ya busa usur, kuma duk sau shidan maharan suka iske gonaki wayam. Wannan ya sa lokacin da ƙauyukan gefensu suka daina noma nesa da gida, mutanen Dutsin Marke suna shuka har kusa da bakin daji. Tsofaffin mata in sun gamu da shi kan ce, "Allah Ya bar mana idon nan."

A bazarar shekara ta biyar ciwon ya fara. Da fari ƙaiƙayi ne a bakin fatar ido, daidai inda gashi ke tsira, kuma ya fi tsanani da safe. Sai ya ga wani ɓawo fari-fari kamar dusa yana kewaye gindin kowane gashi. Ya wanke, ya kankare da farce, washegari ya dawo. Bakin fatar ya yi ja, ya kumbura, ya yi kauri. Kafin ruwan shuka ya sauka, idon ya koma kamar an watsa masa yashi, hawaye na zuba ba dalili, haske na sukarsa. Abin da ya fi tsorata shi, gani ya fara yi masa wasa. Yanzu garau, an jima kamar an shafa wa duniya man gyaɗa, sai ya yi ta ƙiftawa kafin ya washe.

Ba abin da bai gwada ba. Ya rambaɗa kwallin Hansai. Ya ɗiga zuma. Ya wanke da ruwan tofi. Ranar kasuwar Runka ya je kemis, aka ba shi man ido mai ruwan ɗorawa, aka ce ya matsa a ciki safe da yamma. Ya ƙarar da kwali uku, ƙaiƙayin ya lafa kwana biyu ya dawo da ƙarfinsa. Gashin idon ya fara zubewa ɗaya-ɗaya. A wannan kasuwar ce ya sayi baƙin tabarau, ya ce wa mutane ƙyallin falale ne ke damunsa.

Hansai kaɗai ta san gaskiya, domin ita ke jiƙa tsumma kullum da safe ta ɓamɓare masa fatar da ta manne.

"Malam," ta ce wata safiya, "ka gaya wa Yaya Maude."

"In ce mishi mi?"

"Ka ce idonka ba lafiya. A sa wani ya hau kafin ka warke."

"Wa za a sa? Duk unguwar nan wa ke ganin bakin daji daga can? Rabin idona ya fi nasu duka."

"To ko rabin ya rage?"

Ya ɗauki usur da goran ruwa ya fita. A ransa ya san ba wannan ne kaɗai dalili ba. In ya sauka daga dutsin, mene ne shi? Mutum ɗan shekara arba'in da biyar da 'ya'ya biyar, wanda ba ya iya nome gonarsa. Kullum yana cewa gobe zai faɗa, kullum kuma yana fatan goben ta zo da sauƙi, ba sai ya faɗa ba.

Ranar wata Talata ce, ana tsakiyar huɗa. An yi ruwa mai yawa, ƙasa ta jiƙe sharkaf, saboda haka ba ƙurar da za ta tashi. Mani ya matsa man kemis kafin ya hau, man ya haɗu da hawaye ya yi masa yana. Da hantsi ya hango wasu baƙaƙen abubuwa suna motsi a gefen rafi. Ya ce a ransa shanu ne. Ya cire tabarau, ya murza ido da bayan hannu, ya ƙifta, ya sake murzawa. Da ganin ya washe, babura ne guda biyar, kowanne da mutum biyu, sun riga sun ƙetare rafin.

Ya busa usur har ya ji kamar maƙogwaronsa zai tsage. Na kusa da gari suka tsira. Gonar da ta fi kowace nisa kuwa ta Maude ce, kuma yana cikinta da shanun huɗarsa biyu. Daga kan dutsin Mani ya ga wansa ya tsaya yana ƙoƙarin kwance shanun daga garma, ya ga hayaƙi ya tashi, sannan ƙarar ta iso shi. Maude ya faɗi cikin kunya. Aka kora shanun aka yi daji da su.

Harsashin ya farfasa ƙashin cinya. A kan babur aka kai shi Safana, an ɗaure ƙafar da rawani, Mani na riƙe da shi ta baya, jini na bin ƙafafunsu su biyu. Daga nan aka sa su a a-kori-kura zuwa wani babban asibiti a Katsina. Matar Maude, Hadijatu, tana da goyo, 'ya'yansa maza kuma suna Kudu wajen neman kuɗi, saboda haka Mani ne ya zauna jinya. Aka yi aiki, aka sa ƙarfe a ƙafar. Mani ke juya shi, shi ke kai fo, shi ke ba shi koko a baki.

Duk wanda ya zo dubiya daga gida magana ɗaya yake yi. "Ba laifinka ba ne, Mani. Ƙasa ta jiƙe, wa zai ga ƙura?" Shi kuma sai ya sunkuyar da kai, tabarau a fuska. Abinci ya daina shiga. In ya tashi salla sai ya manta raka'a nawa ya yi.

A kwana na tara wata nas mai suna Zuwairatu, dattijuwa mai faɗa da kowa a ɗakin ke shakka, ta zo wanke ciwon Maude. Ta ga Mani ya sa yatsa ƙarƙashin tabarau yana sosa.

"Kai, da wannan hannun za ka taɓa mini marar lafiya? Cire gilashin nan in gani."

Ya fita da ita baranda don kada Maude ya gani, sannan ya cire. Ta daɗe tana kallonsa.

"Tun yaushe?"

"Tun bazara, Hajiya."

"Kana cikin asibiti kwana tara da wannan ido, ba ka buɗe baki ba? Wuce sashen ido yanzu. Ni zan duba ɗan'uwanka."

Ya bi layi daga hantsi har bayan la'asar. Likitan idon, Abdulhakim, matashi ne da bai kai shekarun babban ɗan Maude ba. Ya sa Mani ya ɗora haɓa a kan wani ƙarfe, ya haska masa fitila, ya ce ya dubi ƙasa. Sai ya ɗauki ɗan hantsaki ya tsige gashi biyu, ya ɗora a kan gilashi, ya sa a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa.

"Baba, zo ka leƙa."

Mani ya leƙa. Gashinsa ya zama kamar kututturen icce, a gindinsa kuma ga wasu fararen halittu dogaye, uku ko huɗu, sun cusa kai ciki, gajerun ƙafafunsu na motsi a hankali. Ya ja da baya har ya ture kujera ta faɗi.

"Innalillahi. Wannan a jikina yake? Ƙwarƙwata ce?"

"Ba ƙwarƙwata ba ce. Wasu ƙwari ne, dangin kaska, amma ido ba ya ganinsu. A ramin gashi suke zaune suna cin maiƙon fata. Ɓawon nan da kake kankarewa dattinsu ne da ƙwansu."

"Likita, ni ba ƙazami ba ne. Sau biyar nake alwala."

"Na sani, Baba. Kusan duk babban mutum yana da 'yan kaɗan a fuskarsa, har ni. Naka ne suka yi yawa. Man da ka yi ta matsawa ba ya kashe su, ba don su aka yi shi ba."

"Zan makance?"

"A'a. Ƙwayar idonka lafiya lau take. Fatar ce ta kumbura, ta ɓata ruwan da ke wanke ido, shi ya sa kake ganin dishi-dishi."

Ya rubuta masa wani man shafawa, ya yi masa bayani dalla-dalla. A gasa fatar da tsumma mai ruwan ɗumi, a goge ɓawon, a lakaci man kaɗan da auduga a shafa a gindin gashi, ido a rufe, kada ya shiga ciki. A bar shi ɗan lokaci, sannan a goge tas. Kullum, har sati shida, ko da ya ji sauƙi, domin man yana kashe manyan, amma ƙwan da suka saka sai sun ƙyanƙyashe sannan ya same su. A daina kwalli, a wanke tsumma da rigar matashin kai da ruwan zafi.

Mani ya karɓi takardar, ya kai bakin ƙofa, ya juyo.

"Da tun bazara na zo fa?"

"Da kafin ruwan shuka ka warke," in ji likitan, yana kiran na gaba.

A kan matattakalar sashen ya zauna ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar da aka harbi Maude. Da an ce masa makanta ce ta zo, da ya ce ƙaddara ce, ya ɗauka. Ashe sati shida ne da ɗan man shafawa. Mutane na wucewa suna ba shi haƙuri, sun ɗauka mutuwa aka yi masa.

Babu man a ɗakin maganin asibitin. Washegari ya yi ta yawo a ƙasa cikin garin da bai sani ba, daga wannan kanti zuwa wancan, sai a na huɗu ya samu. Da ya dawo ya zauna a bakin gadon Maude, ya cire tabarau, ya ajiye a kan zane.

"Yaya, dubi idona."

Maude ya duba. Ya ga jajayen fatu a kumbure, rabin gashin babu.

"Tun bazara yake haka. Ranar nan na gansu tun suna bakin rafi, na ce shanu ne. Da idona na da ne, da ka isa gida da shanunka. Hansai ta ce in gaya maka, na ƙi."

"Don mi?"

"Na ji tsoron a sauke ni."

Maude ya juya fuskarsa bango, iyakar yadda ƙarfen ƙafarsa ya bar shi.

Kwana huɗu bai yi masa magana ba. Mani ya kawo fo, ya karɓa, domin babu wani mai kawowa. Ya kawo koko, ya sha, idonsa na kan rufi. In yana son a juya shi, sai ya ƙwanƙwasa ƙarfen gado. A cikin waɗannan kwanaki ne Hansai ta bugo waya ta ce unguwa ta watse. An sa wani ya hau dutsin, ya yi ta busa usur a kan kowace inuwa, kwana uku ba wanda ya yi aikin kirki. Sai kuma aka ɗauki mutum biyu a ƙauyen gefe, mutane suka fara ɗaure kaya. Wasu sun yi Safana, wasu Batsari. Ita kuma ta koma gidan iyayenta a Wagini, tare da Hadijatu da yara. Gero ya kai gwiwa, an bar shi cikin ciyawa.

Shafa man ma ya gagare shi. Ba shi da madubi, kuma an ce ido a rufe. Yana zaune a ƙasa kusa da gadon yana laluben gindin gashi da auduga, man ya shiga ciki. Raɗaɗin ya sa ya dafe kai yana nishi, hawaye na wanke abin da ya shafa. Haka ya yi ta yi, man na ƙarewa a banza, shi kuwa ya san ba zai iya samo wani ba.

A rana ta biyar yana cikin wannan fama ya ji muryar Maude a kansa.

"Kawo nan. Ɓarnar magani kake."

Mani ya miƙa masa. Ya durƙusa a gefen gadon, ya ɗaga fuska, ya rufe ido. Maude ya riƙe masa haɓa da kaushin hannunsa, ya bi gindin gashin da auduga a hankali, sama da ƙasa, dama da hagu.

"Kada ka motsa."

"Yaya..."

"Na ce kada ka motsa. Ban ce ka yi magana ba."

Daga ranar kullum shi ke shafa masa, har aka sallame su.

A Wagini aka ba su zaure da ɗaki guda, mutum goma sha huɗu. Hansai ta karɓi aikin shafawa. Itace ya yi wuya, domin ba mai zuwa nesa saro shi, amma kullum sai ta tattara kara ta ɗumama masa ruwa, ta dafa tsumman. A sati na uku ƙaiƙayin ya dawo kamar ba a taɓa yin magani ba. Mani ya ture hannunta.

"Bari kawai. Ba zai yi ba. Alhakin Yaya ne."

"Likita ya ce sati shida ko bai ce ba?"

"Ya ce."

"To yau kwana ashirin. Rufe ido."

Suka yi ta matse kwalin man, da ya ƙi fitowa Hansai ta yanka shi da reza ta kwalfe na ciki. Da ƙyar ya kai su ƙarshen sati na shida. Kumburin ya saɓe, jan ya tafi. Wata safiya ya buɗe ido ba tare da an jiƙa masa ba. Gashin ya fara tsirowa, gajeru, wasu a karkace. Ganinsa ya dawo kamar da.

Sai dai bai samu abin da zai yi da shi ba. Mutanen Dutsin Marke ba su koma ba. Da kaka wasu suka yi ƙarfin hali suka je da rakiyar 'yan sa-kai, suka dawo da abin da bai cika buhu uku ba a gonar da ke ba da dami ɗari. Labarin abin da Mani ya ɓoye kuma ya riga ya bazu, shi da kansa ya faɗa wa duk wanda ya tambaya. Wasu suka ce Allah Ya kyauta gaba. Wasu in sun hango shi a kasuwar Batsari sai su tsallaka hanya. Hadijatu har yau ba ta amsa gaisuwarsa, ko da yake gida ɗaya suke, kuma kullum da safe sai ya tsaya a bakin ƙofarta ya ce ina kwana.

Yanzu aikin sussukar wake yake yi a gonakin mutanen Wagini, ƙirjin nan nasa na haki, a ba shi awo ya kawo gida a raba tukunya biyu. Ƙafar Maude ta haɗe amma ta gajarce, ba ta lanƙwasuwa. Yana zaune a zaure yana tufkar igiya. Bai taɓa cewa ya yafe ba, Mani kuma bai samu bakin tambaya ba. Maganarsu ba ta wuce ta ruwa, da abinci, da ko an ji wani labari daga Tsaskiya.

Ranar Juma'a Mani kan aro jakin surukinsa. Ya cicciɓi wansa ya ɗora, miƙaƙƙiyar ƙafar na reto a gefe, ya riƙe akala su nufi masallaci. In sun zo wajen kwazazzabon da ke bayan makaranta, Maude kan dafa kafaɗarsa don kada ya zame, da sun haye sai ya ɗauke hannunsa.